Lambatun da Baba ya haƙa a Sabon Gari

Da wannan damina shekara goma sha ɗaya ke nan tun da ruwa ya tafi da mahaifina, Malam Hamisu, a cikin lambatun da ya haƙa da hannunsa. Na daɗe ina son in faɗa wa mutanen Maradi ko shi wane ne. Duk shekara sai in zauna zan rubuta, hadari ya taso, in kasa. Bana na ce ko ta yaya sai na yi.

Baba mutumin Jiratawa ne, ɗan masu lambu. Yana saurayi ya shigo birni da tallar tumatir da albasa, ya samu ɗaki a Sabon Gari lokacin da gefenmu duk yashi ne da gidajen laka jefi-jefi. In an yi ruwa, daga tudu yake gangarowa yana neman gulbi, ya tsaga tsakiyar hanya ya bar kwari. Mota ba ta shiga. Amalanken jaki shi ne motar kowa, da mai lafiya da maras lafiya.

Innata ’yar Tsibiri ce. Ita ta ba ni labarin haihuwarta ta fari, da ta zo da gardama ana tsakiyar damina. Aka ɗora ta a amalanke za a kai ta likita, ƙafar amalanken ta nutse a kwarin nan, maza suka yi ta turawa har rana ta karkata. Ɗan bai zo da rai ba. Baba bai taɓa yi mana wannan zance ba. Amma da rani ya shigo aka yi shelar ana neman leburori za a yi wa unguwa hanya da magudanar ruwa, sai ya ajiye kwandon albasa ya ɗauki diga.

Da felu da diga suka yi aikin, rana na dukan ƙeya. Suka haƙa, suka jera dutse, suka shafe da siminti, aka zuba wa hanya jar ƙasa. Daga baya aka kafa famfo a kan kwana, mata suka huta da jan guga. Ina ƙarama motar fasinja ta fara ratsowa ta ƙofar gidanmu, kuma ban manta ranar da muka shige ta za mu gaida kakata a Tsibiri ba. Kowa na kallon gaba yana murna, shi ko Baba ya leƙa ta taga yana duban gefen hanya, ko akwai inda dutse ya zame.

Da aiki ya ƙare leburori suka watse, Baba ya koma kan kwandonsa. Lambatun ne bai saki ba. Da an ga shamuwa ta sauka sai ya fito da felu, ya bi shi yana kwashe yashi da shara. Babu wanda ya sa shi. ’Yan unguwa suka laƙaba masa Sarkin Lambatu, rabi wasa rabi girmamawa, shi kuma ya amsa. Da fari akan samu masu kama masa. A hankali abokan aikinsa suka tsufa, wasu suka riga mu gidan gaskiya, ya rage shi kaɗai, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ranar da abin ya faru, bayan la’asar ne. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, leda ta toshe bakin magudanar, ruwa ya juya ya nufi gidan wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Hajiya Rabi, wadda ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Baba ya naɗe wando.

“Malam, ka bari ya tsagaita,” in ji Inna.

“In na jira ya tsagaita, ɗakin Hajiya ya kwanta a kanta.”

Ya buɗe toshiyar. Waɗanda suka gani sun ce ruwan ya zabura gaba ɗaya, ya kwashe masa ƙafa, ya shige da shi ƙarƙashin murafen simintin da ke kan lambatun. Can wajen gangaren gulbi aka same shi kafin magariba. Ɗakin Hajiya Rabi bai faɗi ba. Ta ƙara shekara biyu a duniya, kuma ba ta taɓa ganina ba tare da ta yi kuka ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga unguwar yau. Na san zai ji daɗin hanyar da aka shimfiɗe, da fitilu, da yadda mai naƙuda ke isa likita a adaidaita kafin a gama shafa addu’a. Zai tsaya ya yi ta kallon ’yan kabu-kabu a kan baburansu yana girgiza kai. Amma da ya sunkuya ya leƙa ƙasa, na san abin da zai same shi. An gina shaguna a kan murafen. Kowa ya share ƙofarsa sai ya tura sharar cikin lambatun. In ruwa ya shiga gidaje mu ce ina hukuma, ita ma ta ce ina jama’a. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Mu da ya daka, ba ma iya ganin an zuba shara a lambatu mu haɗiye abinci.

Inna tana nan da ranta, ta koma Tsibiri wurin ƙannenta. Ta ce ba za ta iya kwana inda take jin gudun ruwan nan ba.

Kwanan baya wata baƙuwa da ta tare kusa da mu ta ce da ni, “Kun yi sa’a, layin nan naku ruwa ba ya kwana. Allah ya ɗora ku a kan tudu.” Na buɗe baki in ce mata ba tudu ba ne, gumin wasu mutane ne da ba wanda ya san sunansu yanzu. Sai na fasa. Na ce mata alhamdu lillahi.

Baba bai bar gida mai bene ba, ba a kuma sa sunansa a kan kowace hanya ba. Ya bar layi guda da mutane ke barci in ana ruwa, ba su san dalili ba. Ni na sani, shi ya sa ba na iya barcin. Allah ya jiƙan Malam Hamisu da abokan haƙarsa, ya sanyaya musu makwanci.