Waƙarmu ta samu aiki a Sabon Maci

Jiya a kasuwar Dakoro na ji gitar ɗina na tashi daga wayar wani dattijo. Waƙar orkes ɗinmu ce na rok, wanda muka kafa tun muna kwalej, muka yi shekaru muna yi wa kujeru kiɗa kafin mu watse.

Kaina ya kumbura. "Baba, kuna son waƙar nan?"

"Ƙwarai, ɗana! A gonata nake sa ta, can Sabon Maci. Tun da na fara, tsuntsu ko ɗaya bai sauka kan hatsina ba."

Na yi masa godiya na wuce.

Isuhu mai gangarmu, kai da ka tafi kana cewa kiɗanmu ba ya ciyar da kowa, ga mu muna cika rumbu. Jama'a, mu koma fage ne?