Ranar da Baba Ya Shiga Farar Mota

Baba Bafulatani ne, maƙwabcinmu na tsallaken titi kuma Babarbare. Duk wanda ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ya san abin da muka tashi muna ji a layinmu na Nassarawa. Kowa "bawana" yake kiran ɗan'uwansa, kowa na rantsuwa kakansa ne ya sayi kakan wancan. Mu 'ya'yan Baba kuwa, Baban Tsallake muke ce wa maƙwabcin. Da suka yi ritaya sai wasan ya koma kan motoci, ya kuma yi zamansa a can.

Baba baƙa ya saya, 'yar Jamus. Baban Tsallake fara, 'yar Japan. Duka biyun manyan motoci ne, irin waɗanda maigadi ke miƙewa tun kafin a yi masa ham. Bayan la'asar sai a fito musu da kujeru gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, a kawo shayi, su ɗora daga inda suka tsaya jiya.

"Waccan taka ai falo ce aka sa wa taya," in ji Baba. "Ka taka totur sai ta yi shawara da danginta kafin ta motsa."

"To kai ina za ka da gudu, bawana? Shanunka ne suka ɓata?" Baban Tsallake zai amsa. "Tawa bakanike bai san cikinta ba sai wajen juyen baƙin mai. Taka kuwa 'yar fitila ta kama a gaba, sai an nemo mai kwamfuta, sai an jira kaya daga Legas."

Ni ce babbar 'ya a gidan, kuma na tuƙa su duka, don haka ina da bakin magana. Baƙar ba ta da wasa a hanya. Ƙofarta nauyi, sitiyarinta nauyi, in ka sha kwana da ita tana manne da kwalta, birkinta kuma ko gardama babu. Amma kujerunta tauri ne da su, ga ta ƙasa-ƙasa, ga tayoyin sirara, ko tsakuwa ka taka sai ta sanar da ƙugunka. Mai kuwa shansa take kamar an aiko ta. Farar ba ta da wannan zafin nama, gaskiya a kwana ma tana ɗan rangaji. Sai dai in ka rufe ƙofa, hayaniyar Kano ta ƙare. Rami ta haɗiye shi, sanyinta ya ratsa ka, kayan gyaranta ko a Kawaji ka samu, dillalai kuma kullum suna tambayar ko na sayarwa ce. Na taɓa faɗin haka a gabansu. Baba ya ce an saye ni da kilishi, ya yi kwanaki yana kirana 'yar Barebari.

Sai ciwo ya kama Baba. Da fari ciwon baya ne, ana ta shafe-shafe, daga baya likitoci suka ce ciwon daji ne, kuma ya shiga ƙashi. Na baro gidana na dawo jinya, zuwa asibiti ya zama aikina. A nan na tsani baƙar motar nan, tsana ta gaske. Tudun da ake yi a titi don rage gudu, wanda da ban ma san da shi ba, ya zama abin da nake hangowa gabana na faɗuwa. Ina lallaɓawa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, masu adaidaita sahu na zagina ta baya, amma duk da haka sai in ji Baba ya ja numfashi ta haƙora. Ta madubi nake ganin yatsunsa sun nutse a fatar kujera. Gumi kuwa sai keto masa yake.

Wata rana da muka dawo na kasa haƙuri.

"Baba, don girman Allah mu riƙa aron motar Baban Tsallake. Wannan kashe ka take yi."

Ya dube ni, idanunsa sun faɗa. "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "in na shiga motar bawan nan, me zan ce masa gobe?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ƙashinsa na narkewa yana lissafin musun gindin bishiya! Na tsallaka titi a fusace na kai ƙara. Ina zaton Baban Tsallake zai miƙo mini makulli ya ce in tilasta masa. Sai ya murza hularsa.

"'Yata, mota taki ce, ko yanzu kike so. Amma ki bar shi ya ƙi. Muddin yana zagin motata, ni hankalina a kwance yake."

Ya ci gaba da zuwa kullum. Da zaman waje ya gagara, sai ya riƙa shigowa har ɗaki, ya zauna bakin gado ya tsokano faɗa. Baba da ko kofi ba ya iya riƙewa sai ka ji muryarsa ta tashi, yana bayanin yadda ƙarfen Jamus ya fi gwangwanin Japan.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya farfasa titunan unguwar. Wata safiya muka fito da Baba, ni da maigadi muna riƙe da shi. Ya sunkuya zai shiga baƙar, sai ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ta fito daga bakinsa ba. Muka tsaya cak. Ya daɗe dafe da rufin motar yana haki, sannan ya ce, "Je ki kira Alhaji."

"Alhaji" ya kira Baban Tsallake, ba "bawana" ba. Na ruga na tsallaka titi.

Baban Tsallake yana da direba, amma da kansa ya tuƙo. Muka kwantar da kujerar gaba muka sa Baba, na zauna a baya. Motar ta bi ramukan nan a hankali, ba ko jijjiga. Na ga kafaɗun Baba sun sauka, yatsunsa sun saki. Baban Tsallake ya gwada tsokana, ya ce yau bawa ya shiga motar ubangidansa, a rubuta. Ya ce a kula kada a bar masa warin nono a kujera. Baba ko ido bai buɗe ba.

Mun kusa fita unguwar Baba ya buɗe ido.

"Alhaji, motarka ta fi tawa."

Shekara da shekaru Baban Tsallake yana jiran wannan maganar. Sai ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Ƙarya kake," ya ce. "Wannan mota ce? Ka manta ranar da muka tafi ɗaurin aure Katsina ka bar ni a baya ko ƙurarka ban gani ba? Taka ta fi birki. Ta fi riƙe hanya. Ƙofarta kaɗai ta fi wannan gaba ɗayanta. Wallahi da ina da ƙarfin riƙe ta, ita zan saya. Ka ji? Ka yi magana mana, bawana!"

Baba ya lalubo hannunsa ya riƙe. "Mu yafi juna, Alhaji."

"Ban yafe ba," in ji shi, hawaye na bin gemunsa. "Ban yafe ba sai mun koma gida."

Ya tada mota muka tafi. Asibiti suka riƙe Baba a ranar, bai kuma dawo gida da rai ba.

Bayan an yi masa wanka an sa shi a likkafani, kafin a fita da shi, Baban Tsallake ya roƙi a ba shi ɗakin. Ina tsaye a bayan ƙofa. Ina jin sa yana cewa, "Na yafe, na yafe," yana tsayawa tsakanin kowace kalma kamar mai jiran amsa, har liman ya aiko a ce mutane na jira.