Usta Rifki da Bututun Gidana

Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, bayan sallar Azahar, aka aiko mana cewa Allah ya karɓi ran Usta Rifki, mai gyaran bututun hayaƙi na unguwarmu a garin Kozlu. Usta shi ne laƙabin da muke kiran gwanin sana'a da shi. Na zauna a gaban murhun kwal ɗina.

Usta, ka san ni da taurin kai. Shekara talatin na yi a ramin kwal, don haka nake ganin babu mai koya mini sha'anin iska. Da tsohon bututun gidana ya tsage, hayaƙi ya fara tsiyaya cikin ɗakin Nuriye, matata mai ciwon ƙirji, sai na je kasuwa da kaina na sayo ƙaton bututun ƙarfe mai walƙiya, wanda za a zura cikin tsohon. A rami, in hanya ta yi faɗi, iska ta samu. Wannan ne dukan ilimina.

Ka zo, ka ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ka dube ni.

“Husnu, hayaƙi za ka fitar, ko kai ne za ka bi ta ciki?”

Na ce, “Yaya, kai dai saka. Ni na san iska.”

Ka ce, “Ka san ta ƙarƙashin ƙasa. Ta sama tawa ce. In ya yi faɗi, hayaƙi zai huce a hanya ya dawo. Kuma hayaƙin kwal cinye wannan gwangwanin zai yi kafin sanyi uku. Ran Nuriye ba abin gwaji ba ne.”

Ka tattara kayanka ka tafi, ko shayin da aka zuba maka ba ka sha ba. Na yi kwana huɗu ina fushi. A na biyar ka dawo da bututun gasasshen yumɓu daidai bakin murhu, ka jera shi gaɓa-gaɓa, ka liƙe. Sannan ka sa ɗan madubinka a gindi, ka ce in leƙa. Na ga sararin sama fes.

A sanyin shekarar iskar kudu ta taso, mai danna hayaƙi cikin gidaje. An kwashi mutane zuwa asibiti daga unguwanni da dama. A layinmu, inda hannunka ya taɓa kowane rufi, ko ciwon kai ba a yi ba. Wallahi ina alfahari da cewa na san ka, har ma da cewa ka kayar da ni.

Nuriye ta ƙara shekara goma sha tara a kan waccan iska, kuma tana nan da ranta. Ita ce ta dafa alawar sadakarka jiya.

Allah ya jiƙanka, Usta, ya yalwata maka kabarinka. A nan dai ba za ka yi mini gardamar faɗi ba. Allah ya ba matarka Hajiya Saniye da 'ya'yanku haƙurin rashi.

Husnu Karadere, Kozlu