Ranar da Wasiƙar Baba Ta Tashi Sama a Kawukudi

Shekara goma sha biyar ke nan cif da muka kai Yaya Garba makwancinsa. Iskar watan Agusta ta dawo, mai tasowa daga teku da sanyinta, tana jijjiga kwanon rufin gidajen Nima, unguwarmu a nan Accra, ni kuwa tun da ta fara na kasa zama wuri ɗaya. In fita ƙofar gida, in koma ɗaki, in sake fitowa. Har matata ta ce in ba zan zauna ba in taka zuwa Adabraka in dawo, ko ta samu ta share tsakar gida. Kowace shekara haka nake yi, amma bana abin ya fi ƙarfi, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Garba wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tela ne a Maamobi, shagonsa na katako yana bakin babbar kwatar nan da ta raba su da Nima, wadda muke kira gota. Yaran unguwa kaf Baba Tela suke ce masa. Mutum ne mai sanyin hali har ya ba ka haushi. Ka zo masa da magana kana huci, sai ya gama saka zare a allura tukuna ya ɗago kai. Ni ne mai wutar gidanmu, kowa ya sani, ban kuma taɓa musu ba.

In iska ta kankama, ranar Lahadi bayan azahar sai ya rufe kekensa da tsumma, ya tara yara, a yi ta haɗa kayit, abin da baƙinmu na arewa ke kira filfilo. Tsinken tsintsiya biyu a gicciye, takarda a kai, a naɗe bakinta a manne da kokon da ya kwana, a ɗaura masa wutsiya ta ƙyallen atamfa. Zaren ɗinki riɓi biyu, naɗe a gwangwanin madara. Dokarsa biyu ce. Zare da ƙyalle nasa ne, amma kowane yaro shi zai nemo takardarsa. Sannan in kayit ya tashi, babba ba ya karɓar zare daga hannun yaro, ko ubansa ne. Daga nan sai a ɗunguma filin da ke wajen Kawukudi, shi a gaba da babbar riga tana kumbura, yara kusan ashirin a baya suna ihu.

Jiya na bi ta wajen. Rabin filin ya zama shaguna da garejin makanikai, sama kuma duk wayoyin lantarki ne da sandunan eriya. Yaran da ya kamata a gani suna gudu suna can cunkushe a gidan bidiyo, a cikin duhu, da rana tsaka. Na tsaya ina tambayar kaina me Yaya zai ce. Ni dai na yi ta faɗa ni kaɗai har wani direban tirotiro, ƙaramar motar haya, ya leƙo yana kallona. Shi kuwa na san ba zai yi faɗa ba. Zai nemo wani lungu mai iska ne, ko da kan rufin wani ne, ya ce a kawo tsintsiya.

Amma ba don fili nake wannan rubutu ba. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita.

Mahaifinmu farken goro ne, daga ƙasar Sakkwato ya zo. Da tsufa ya kama shi sai ya ce gida zai koma, ba a Accra zai mutu ba, kuma yana son mu raka shi mu biyu, mu ga danginmu. Ni a lokacin na samu aiki a wata maɗaba'a a Adabraka, na yi aure, kaina ya yi girma. Na ce ba inda za ni. Ya matsa, ni kuma na ɗaga masa murya a gaban mutane, na ce ni ba ni da wani gari sai Nima. Ranar da suka tashi ko tasha ban je ba. Yaya ne ya kai shi, kwana da kwanaki a bayan babbar mota, ya dawo shi kaɗai ya koma kan kekensa.

Bayan 'yan watanni wani direban goro ya kawo mini wasiƙa, doguwar takarda mai ƙwari, da rubutun ajami na hannun Baba. Kafin wata ya zagayo labarin rasuwarsa ya iso. Ni ɗan boko ne, ajami ya fi ƙarfina. Kai wa malami kuwa daidai yake da karanta wa Nima duka. Yaya ya iya, amma shi ne na fi jin kunya. Gaskiyar magana dai tsoro nake ji. Na san abin da na yi, na kuma san bakin uba. A haukana, muddin ba a karanta ba, in tsinuwa ce ba ta shiga kunnena ba tukuna. Na naɗe ta a farin ƙyalle na tura ƙasan akwati, ta yi shekara shida a nan.

Wata Lahadi na buɗe akwatin zan ɗauki hula, sai ga ƙyallen a warware, ba komai ciki. Matata ta ce ai Rabi ce ta yi ta neman takarda tun safe, don ruwa ya jiƙa jaridun gidan. Rabi 'yata ce ta fari, shekararta takwas a lokacin. Wayyo Allah! Ko takalmi ban tsaya sakawa ba.

Na iske su a fili. Kayit sun kai goma a sama, na Rabi ya fi kowane nisa, don takardarsa ta fi ta jarida ƙwari. Iska kuma ta kai shi daidai saman gota, wadda ruwan sama ya cika da duk ƙazantar unguwa biyu. Na kwarma ihu na ce wasiƙar Baba ce, da sunan Allah a kai! Ba wasiƙar da dattijo zai rubuta bai fara da Bisimilla ba, kowa a wurin ya san haka. Nan take wasa ya ƙare. Mai ƙosai ta bar kaskonta, masu dara suka miƙe, wani tsoho yana ta salati. Kowa yana ba da shawara, wannan da Hausa, wancan da Twi, wani da Ga. A jawo! A sake! A kira mai dogon gora!

Na yi kan Rabi zan fizge gwangwanin da hannu ɗaya, in kwaɗa mata mari da ɗayan. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Ban taɓa sanin Yaya yana da irin wannan ƙarfi ba.

"Sani, in ka fizga zai tsinke," in ji shi. "Hannunta ne ya san nauyinsa, ba naka ba."

Ya tsuguna kusa da ita. Tana kuka, majina har baki.

"Baba Tela, Baba zai buge ni."

"Ni ina nan. Kar ki kalli kowa, shi za ki kalla. In ya ja, ki ba shi. In ya saki, ki naɗe."

Haka aka yi ta yi. Ta naɗe taku biyar, iska ta karɓe uku. Sau biyu kayit ya yi ƙasa da kai, jama'a suka ɗauki salati, ya sake miƙewa. Wata mata tana cewa da Hausarmu ta Nima, "Ku bar yarinyan, shi ya san zaren shi!" Rabi ta ce hannunta yana ciwo, zaren ya yanke mata yatsa, Yaya ya ce ya gani, ta ci gaba. Ni ina tsaye, idona a kan takardar. Mutane sun ɗauka sunan Allah kaɗai nake ji wa tsoro. Ina jin wannan, amma har da wani abu: rabin zuciyata tana so zaren ya tsinke, takardar ta tafi teku, in huta.

Da ya matso ƙasa sai iska ta mutu gaba ɗaya, ya fara faɗowa tun bai ƙetare gota ba. Yaya ya tattare riga ya shiga ruwan nan har gwiwa, ya ɗaga hannu biyu ya cafe shi sama da kansa. Ko ɗigo bai taɓa takardar ba.

Ya wanke hannu da ruwan mai ƙosai, ya zauna kan bulo, ya ɓamɓare takardar daga tsinke a hankali. Ya gane rubutun. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce shekara shida. Ya fara karantawa a zuci. Leɓensa ya yi ta motsi, ya daɗe ƙwarai. Sannan ya ce, "Yana gaishe ka, yana gaida iyalinka. Ya ce ya yafe maka duniya da lahira." Na zube ƙasa a gaban yara na yi ta kuka, Rabi ta zo tana ba ni haƙuri don ta zaci saboda ita ne.

Sai dai ni ba yaro ba ne. Karatun ya yi tsawo, abin da ya faɗa ya yi gajarta. Kuma lokacin da ya faɗi ta ƙarshen, fuskata yake kallo, ba takarda ba. Ban tambaye shi ba. Shekara biyu bayan haka zazzaɓi na kwana huɗu ya tafi da shi. Tun daga nan, duk sanda iskar nan ta taso sai tambayar ta taso da ita: Baba ne ya yafe mini, ko Yaya ne ya tausaya mini?

Akwai abin da ban lura da shi ba sai daga baya. Tun makon da abin ya faru Yaya ya fara zaunar da Rabi a shago yana koya mata ajami, ita kaɗai cikin yaran gidanmu. Yanzu matar aure ce a Kokomlemle, da 'ya'ya biyu. Ranar Juma'ar da ta wuce ta zo gaishe mu, na shiga ɗaki na fito da takardar, har yau da busasshen koko a gefenta da hujin zare a tsakiya. Na ce, "Karanta mini. Kar ki ƙara, kar ki rage."

Ta karanta. Gaisuwa ce, da labarin ƙafarsa da ta kumbura, da sunayen dangin da suka yi ta tambayata. Sannan ya ce na ɓata masa rai, ba zai ɓoye ba, ya yi ta waiwaye a tasha har mota ta tashi. Na jira. Na ce ta sake dubawa, ta juya bayan takardar. Babu kalmar yafiya ko ɗaya. Sai ta karanta layin ƙarshe: "Hannuna ya gaji. Sauran magana na bar wa yayanka Garba. Abin da ya faɗa maka, ni na faɗa."

Kwana biyar ke nan ina juya wannan. Ko Baba ya ba shi saƙo tun a can, ya riƙe yana jiran in kawo kaina? Ko kuwa ranar nan ce ya fara sanin an bar masa hukuncina, yana zaune kan bulo da ƙazantar gota a ƙafa? Ban sani ba, kuma wanda zan tambaya babu shi. Abin da na sani shi ne ni na bar shi ya kai tsoho shi kaɗai, ni na bar shi da dangi suna tambayarsa ina ƙaninsa. Yana da abin faɗa da yawa, an kuma ba shi izinin ya faɗa da sunan uba. Bai bar gadon gida ba, bai bar na fili ba, kekensa ma tuni tsatsa ta cinye. Abin da ya bar mini shi ne maganar nan guda, kuma a kanta nake tsaye har yau. Allah ya jiƙan su su biyun, ya haskaka makwancinsu.

Rabi ta ajiye takardar a cinyarta. Can ta ce, "To Baba, ya yafe ne ko bai yafe ba?"

Na ce mata, "Yayana ya ce ya yafe."