Fakon Surukina

A garinmu na ƙasar Kurfai an san ni da baki. Tun ina lakwal malaminmu ya ce in da surutu ake cin jarrabawa, da ni ce ta ɗaya a Filinge gaba ɗaya. Shi ya sa ranar da aka ba ƙungiyarmu ta mata wurin zama a taron majalisar gari, ba a yi wata muhawara ba, duk suka juyo suka dube ni. Na ji daɗi ƙwarai, har sabon kallabi na saya.

Wurin zaman dai ƴar tabarma ce a gefen rumfar mai gari. Sharaɗin da maza suka kafa shi ne mace ɗaya ke shiga, ita ce bakin sauran. Su sauran su tsaya bayan darni su saurara.

Abin da ya kai mu gabansu fako ne. Yamma da gari akwai wani fili da ya mutu tun kafin a kawo ni aure, ƙasarsa da tauri kamar daɓen ɗaki, ko akuya ba ta tsayawa a kai. Na surukina ne, uban maigidana. Da muka roƙi aronsa dariya ya yi, ya ce mu ɗauka, in mun samu ko ƙaya ce mu kawo masa ya gani. Muka shiga da diga cikin rani, muna haƙa ramukan nan masu siffar rabin wata da ke tare ruwan sama, muna ɗauko taki a ka daga rugar makiyaya. Tafin hannuna ya yi kanta har lalle ya daina kamawa da kyau. Daminar farko ciyawa kaɗai muka gani, kuma mun yi mata guɗa. Sannu a hankali kuɓewa ta fito, da yakuwa, da riɗi. Miyar gidaje da yawa daga fakon nan take fitowa.

Ana haka ƙanen maigidana ya dawo daga wajen Abala da iyalinsa, saboda zaman can ya gagara. Gonakin nesa ma ba mai zuwa noma su yanzu, tsoron ƴan bindiga ya hana. Bakuna sun ƙaru a gidanmu, gona ba ta ƙaru ba. Sai tsoho ya aika wa shugabar ƙungiyarmu cewa bana zai shuka hatsi a filinsa. Kayan aro dai ba ya rufe katara, mun sani, amma mu ba fili muka ara ba, dutse muka ara.

Tun da na shigo gidan nan ban taɓa kiran sunan tsohon nan ba. Sunansa na ranar da aka haife shi ne, don haka ranar ma ba na kiranta, sai in ce ranar kasuwa. In na kai masa ruwa a durƙushe nake miƙawa, idona a ƙasa. Ba wai tsoronsa nake ji ba, kunya ce, kuma ina ƙaunarsa. Da naƙudar fari ta zo mini da gardama, shi ya ɗaura wa sa amalanke ya kai ni asibitin Filinge, yana tafe a ƙasa yana addu'a.

Na gaya wa shugaba a canza ni. Tsohuwa ce mai ƙoƙari, ita ta fara sara diga a fakon. Ta ce, "Ke za ki yi magana. Ke ɗiyar gidan ta, ba shi iya ƙin ki gaban jama'a."

Na yarda, don na ga kamar da dabara a ciki. Ina daka ina shirya maganata. Na tsara ta yadda za ta kewaye shi ba ta taɓa shi ba, kamar yadda na saba kewaye tabarmarsa a tsakar gida. Zan yi maganar diga, da taki, da miyar yara. Mutum ba zai shigo ciki ba.

Ranar taro da hantsi wakilin meri, wato ofishin magajin gari, ya zo a kan babur, wani saurayi da aka turo daga Yamai, Hausarsa da ɗan karin Zabarmanci. Na tuɓe takalma na zauna a tabarmata. Surukina yana sahun dattawa, maigidana yana bayansa. Da aka ba ni dama na yi magana, kuma na yi ta da kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida. Na buɗe tafin hannuna na nuna musu. Na ji matan bayan darni suna gyara tsayuwa.

Wakilin ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Madam, na ji. Amma wa ya ce ku tashi? Ƙara ba ta tsayawa sai da wanda ake ƙara."

Na ce, "Mai hilin."

"Wane ne mai filin?"

Na ce, "Baba."

Ya dubi jerin fararen gemuna, ya dubi ni. "Nan duka baba ne. Wanne?"

Wasu suka yi ƴar dariya ƙasa-ƙasa. Shi bai san abin da ya tambaya ba, da zuciya ɗaya yake son taimakonmu. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. In ce uban maigidana? Ai nuna suruki da baki a bainar jama'a da kiran sunansa duk ɗaya ne, ga kuma ɗansa zaune kansa a sunkuye. Gumi ya jiƙa sabon kallabin. Ni da ake cewa ba a kayar da ni a magana, na zauna ina kallon saƙar tabarma.

Daga bayan darni shugaba ta ɗaga murya ta faɗi sunan. Mai gari ko juyawa bai yi ba. Ya ce, "Bakin da ke bayan darni ba shi cikin taro. Ga wadda kunka aiko."

Sai surukina ya gyara murya, a hankali, irin yadda yake yi wa jikokinsa magana. "Ku bar yarinyar ga hakanan. Ni taka nuhi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba yau za ku sa ta ba. Maganar ga ta gida ta, mu ƙare ta gida."

Wallahi abin da na fara ji godiya ce. Ji na yi an sauke mini tulu daga ka. Sai da mai gari ya ce, "Kun ji. Abin da ke tsakanin uba da ɗiyatai, majalisa ba ta shiga," sannan na gane inda aka kai maganar. An mai da ita gida, inda ba ni da tabarma ko ta mutum ɗaya, inda a durƙushe nake miƙa ruwa. Wakilin ya dube ni ko zan musa. Ban musa ba, aka shiga zancen rijiya.

A gida ba a ƙare komai ba, don ba a ma tayar ba. Ruwa ya sauka, aka shuka hatsi a cikin ramukanmu, ya yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Ni ke kai wa masu noma fura, in tsallake rabin watan da na haƙa da hannuna. Tsoho ba mugu ba ne, ya nuna wa ƙungiya wani fakon can gaba, ya fi wancan nisa da tauri. Mun koma da diga. Ba wadda ta zage ni, da ma sun zage ni da na samu abin ramawa.

Bayan kaka mata suka nemi canza wakiliya, ni ma na roƙa. Mai gari ya ƙi. Ya ce, "Wagga muka so, ta san girman mutane."

Har yau ni ke zama a tabarmar, kuma haushin bai bar ni ba. Na ce bari in rubuta, ko alƙalami zai iya abin da baki ya kasa. Ga labarin nan daga farko har ƙarshe, ku duba ko za ku ga sunan.