Sunan Da Inna Ba Ta Kira Ba

Kakar bana ta cika shekara bakwai da aka binne mahaifiyata a bayan ƙauyenmu, can ƙasar Doguwa, inda duwatsu ke leƙen gonakin masara. Inna muke ce mata. Mutane suna cewa kwanaki na warkar da ciwo. Ni dai na ƙirga damina bakwai, kuma har yau in na ji ƙamshin gasasshiyar masara a tashar Tudun Wada sai in nemi inda zan zauna.

Ni ce 'yar farinta, kowane Bahaushe kuwa ya san abin da hakan ke nufi. Kakanninmu Maguzawa ne. Da suka karɓi bishara sun zubar da abubuwa da yawa, amma kunyar ɗan fari ta biyo su har cikin coci. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ce Rahila ba. "Ke" take ce mini, ko "waccan", ko ta ce wa ƙannena su kira yayarsu. In baƙo ya yabe ni a gabanta sai ta sunkuyar da kai, ta shiga tsince tsakuwa a cikin wake. Gwaggo Talatu, yayar babana, ita ce ta goye ni, ita ke yi mini kitso, ita ke kiran sunana har maƙwabta su ji.

Ban ga aibin wannan ba sai da na tafi jami'a a Zariya. A ɗakin kwananmu nakan ji iyaye mata suna kiran 'ya'yansu a waya, suna ja musu suna kamar waƙa. Ni kuma lokacin ina cikin zafin karatu, ina rubuta 'yan waƙoƙi a bayan littattafaina, ina ganin na gane duniya. Sai na yanke wa Inna hukunci ni kaɗai: na ce wannan ba kunya ba ce, rashin so ne aka lulluɓe da zanen al'ada. Har na samo wa kaina hujja ta addini, na ce ai Almasihu ya 'yantar da mu daga irin waɗannan abubuwa.

Ranar da hutuna ya ƙare, Inna ta rako ni bakin titi da ƙunshi a kanta: kuka, daddawa, da masara huɗu da ta gasa mini tun da safe. Da mota ta tsaya, sai ta yi abin da ake yi a garinmu in mutum zai yi tafiya. Ta ce, "To ke, mu yafi juna. Rai ba a hannunmu yake ba."

Na ce, "Ke wa? Ina da suna, Inna. Sai kin kira shi zan yafe."

Ta yi 'yar dariya, irin ta wanda aka kama a tsakiyar kasuwa, ta dubi ƙasa, ta gyara ɗaurin zanenta. Na ga laɓɓanta sun motsa, ban san ko sunan ta gwada ba ko addu'a. Direba ya matsa oda. Na shiga ban karɓi ƙunshin ba, sai ta miƙa shi ta taga, wata tsohuwa ta karɓa ta ɗora mini a cinya. Ban waiwaya ba.

Kafin mu kai Kwanar Dangora fushina ya huce, har na ci masara biyu. Na ce zan kira ranar Lahadi. Amma ita ba ta da waya, ta babana kuma sai an hau dutse take kamawa, sai na ɗaga zuwa wata Lahadin. Kwana goma sha ɗaya tsakani zazzaɓi ya kwantar da ita. Kwana uku ta yi. Na iso na tarar an riga an mai da ƙasa, mata suna wanke tukwane. Da na sani ƙeya ce, a baya take, kuma tun ranar nake jin nauyinta a wuyana.

A majami'armu, duk Lahadin da za a ci Jibin Ubangiji, wato gurasar tunawa da mutuwar Almasihu, fasto yakan ce wanda ya san akwai wani abu tsakaninsa da ɗan'uwansa ya je su shirya tukuna. Na sha ganin mata biyu sun fita bayan coci, sun dawo idanu jajir, sun zauna kusa da juna. To ni ina zan je? Wadda na hana wa gafara tana ƙarƙashin ƙasa. Don haka in dattijo ya iso layinmu da farantin gurasa da 'yan kofuna, sai in karɓa in miƙa wa ta kusa da ni, hannuna bai taɓa komai ba. Shekara bakwai ina haka. Na gama karatu ina haka, na fara koyarwa a Tudun Wada ina haka, aka ɗaura mini aure ina haka. Fasto ya kira ni ofishinsa ya ce jinin Yesu ya isa. Na ce na sani, Baba Fasto, amma ba Yesu na bari tsaye a bakin titi ba. Ya yi mini addu'a, na ce amin, na fita yadda na shiga.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce in ta ga yau. An kafa ƙarfen sadarwa kusa da dutsen da babana ke hawa, yanzu daga tsakar gida ake waya. 'Yan matan da muka taso tare suna kiran 'ya'yansu na fari da suna gatsal, suna ɗora hotunansu a waya kowa ya gani. Ina jin za ta rufe baki da gefen mayafi ta ce zamani riga ne. Ba za ta zage su ba, ba ta iya zagi ba. Abin da ke cina shi ne, yau da danna ɗaya zan same ta, ga hanya ta buɗe, ba mai ɗauka.

Bara na haihu, mace. Mijina ya sa mata sunan Inna don ya faranta mini. Gwaggo Talatu ta zo yi mini wankan jego, ta tsufa, amma hannunta bai manta zafin ruwa ba. Wata safiya tana tsoma ganye a tukunya na tambaye ta abin da na kasa tambaya shekara shida: ko Inna ta ce ta yafe mini kafin ta cika. Na so ta yi mini ƙarya. Ta ƙi. Ta ce zazzaɓin ya rufe mata baki tun rana ta biyu, ba ta bar saƙo ga kowa ba, kuma ita ba za ta sa wa mamaci magana a baki ba.

Na yi kuka har ruwan ya huce. Sai ta ce akwai dai abu ɗaya da ta ji da kunnenta. A addu'ar mata ta ranar Alhamis, Inna takan jera ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, kowa da buƙatarsa. In ta zo kaina sai ta yi shiru, ta daɗe, sannan ta ce, "Ubangiji, ka san wadda nake nufi." Matan har tsokanarta suke yi, suna cewa yau ma Allah zai yi aikin cike gurbi. Gwaggo ta ce haka ta faɗa a Alhamis ɗin da ta biyo bayan tafiyata, ba ta canja ko kalma ba.

Sannan ta matse tsumman ta ce, "Rahila, kin hau kujerar alƙali kin zauna, kujerar kuwa ba taki ba ce. Uwarki ba ta da bakin yafe miki yanzu. Amma wanda yake riƙe da ita shi ne yake miƙo miki farantin nan, ke kuma kina ta turawa gaba."

Ba zan ce na warke ba. Labarin addu'ar ma ya fara ƙara mini ciwo ne, domin ya nuna mini girman abin da na taka. Har yanzu ban san abin da laɓɓanta suka motsa da shi ba, kuma ba zan sani ba a wannan duniya. Amma ga wani abu da ban shirya masa ba: 'yata tana rarrafe yanzu, ban taɓa kiran sunanta ba. Ba wanda ya hana ni. Ina buɗe baki sai sunan ya yi mini nauyi, in ji kamar in na fitar da shi iska za ta ɗauke mini ita. Sai in ce "ke, zo nan." A bakina na gane abin da littattafai ba su koya mini ba.

Abin da ya rage mini na Inna kaɗan ne. Ba ta bar hoto mai kyau ba, ba ta bar wasiƙa ba, don ba ta iya rubutu ba. Ta bar mini shirunta, da wannan 'yar addu'a. Lahadin farko ta watan jiya dattijo ya iso layinmu, 'yata tana barci a bayana. Na riƙe farantin har ta kusa da ni ta fara miƙo hannu. Na nemi kalmomin tuba da na tara shekara bakwai, ban sami ko ɗaya ba. Na rufe ido na ce, "Ubangiji, ka san abin da nake nufi." Sannan na ɗauki gurasar.