Ladanin da Ya Zama Bakin Kare

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya girmama ɗan Adam da furuci, Ya bar dabba da kukanta. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a shekarun da nake limancin wani ƙaramin masallaci a unguwar Sharafiyya ta birnin Jidda, ƙanena ne ladaninmu. Ni na raine shi bayan rasuwar mahaifinmu, ni na gyara masa fitar haruffa, har ya zamana idan ya hau soro ya yi kiran salla, masu wucewa sukan dakata su saurara.

Sai wani ɗan kasuwa a unguwar Bab Makka ya sayo majigi da tsofaffin faya-fayai daga hannun ma'aikatan jirgin ruwa. Ya toshe tagogin ɗakin ajiyar yadinsa da buhuna, ya rataya farin zane, yana tara mutane bayan la'asar. Hotunan bebaye ne: mahaya dawaki masu faffaɗan huluna, da 'yan fashi, da wani ƙaton kare wanda kullum shi ne gwarzo. Da yake babu magana a ciki, aka nemi mai ba su murya. Duk faɗin Jidda aka rasa wanda za a ɗauka sai ladanina.

Ban sani ba sai ranar da ya ɗaga murya don kiran magariba, samarin layi suka amsa masa da haushi. Haushi, a ƙofar ɗakin Allah! Na bincika, aka ce ai yanzu Bakin Kare ake kiransa.

Kashegari na tafi da ƙafata, na zauna cikin duhun nan mai warin zufa da taba. A jikin zane karen ya jawo wani jariri daga kogi, ya girgije ruwa. Sai na ji muryar da na sha wahala a kanta ta yi haushi, sannan ta ja, irin jan kiran salla: "Alhamdu lillaaahi, na cece shi!" Ɗaki ya kece da dariya. Na miƙe tsaye, inuwar rawanina ta rufe hoton.

"Ya sheikh, zauna mana, ka tare mana kare!" in ji wani daga baya.

Ƙanena ya taso yana sosa ƙeya. "Yaya Malam, wasa ne fa. Wallahi karen nan ya fi rabin 'yan kasuwar Bab Makka amana. Ai ko mutanen kogo tare da karensu aka ambace su."

Na ce, "An ambace shi kwance a bakin kogo, ba a hakaito kalma ɗaya daga gare shi ba. Wannan ma masu shi bebe suka bar shi. Kai ne ka ara masa harshen da kake shahada da shi. Zaɓi yanzu: ko soron masallaci, ko wannan ɗaki."

Mai majigi ya ce, "Yalla, a ci gaba, faifai zai ƙone!"

Ƙanena ya dube ni, ya dubi zane inda 'yan fashi suka juyo a sukwane. A hankali ya ce, "Halas, shi ke nan, Yaya, bari in ƙarasa musu wannan kawai."

Rana ta faɗi bai iso ba. Na hawar da wani dattijo Bahaushen Sudan mai sayar da shayi, wanda muryarsa ta dushe, shi ya kira mana magariba.

Ba a jima ba faya-fayan suka tsinke, hotuna masu magana suka shigo, aka sallami ƙanena. Ya nemi komawa soro, dattawan masallaci suka ƙi, domin sunan ya riga ya bi shi, yara kuma ba su daina haushi ba. A sahun gaba ya ci gaba da salla a bayana har ya rasu, bai sake kira ba.

Daga baya wani ya shaida mini cewa karen da ke cikin hoton ya mutu a ƙasar masu shi tun kafin a haifi ƙanena. Mushe ne ya raba unguwa da muryar da ba ta sake samun irinta ba, kuma har yau idan na ji haushi raina yakan ɓaci.

Allah Ya gafarta wa ƙanena, Ya tsare harshen mai karatu, Ya sa albarka a gidansa da zuriyarsa. Amin.